Kurege da Gyaɗar Tagulla

"Ga ta nan, ga ta nanku, ta taso daga nesa, ƙafarta duk ƙura."

"Ta zo mu ji ta, mu ba ta ruwa ta sha."

To, ku matso kusa da wuta. Ke Kande, ajiye kwanon nan, tun ɗazu kike lasarsa, ba abin da ya rage a ciki sai ƙanshi. Ta yau ma ta masu irin halinki ce.

Kurege ne dai. Yana zaune da tsohuwarsa a gindin wata aduwa, a bakin hanyar fatake. Su biyu ne rak, shi da Inna. Inna tana da 'yar gonar gyaɗa, kuma gyaɗarta ba irin ta kowa ba ce. Ja ce jawur, kowace ɗaya ƙwaya uku a ciki, in ka kaɗa ta a kunne sai ka ji kacau-kacau. Wurin uwarta ta gaji irin, ita ma uwar wurin tata uwar.

Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, gyaɗa ba ta yi ba. Inna ta tsince 'yan masu kyau, ta zuba a 'yar tukunya, ta rufe, ta liƙe bakin da laka. Ta ce, "Kurege."

Ya ce, "Na'am, Inna."

Ta ce, "Wannan iri ne. Ba na ci ba ne."

Ya ce, "Haba Inna, ni da ko kallon wajen ba na yi."

Inna ta tafi itace, Kurege ya kalli wajen. Ya kau da kai, ya sake kallo. Ya ce, "Iri in ba a duba shi lalacewa yake yi. Bari in ɗanɗana ɗaya, in ji ko ta lalace." Ya ɓalle laka, ya ɗanɗana. Ba ta lalace ba. Ya ce, "To, ita wannan lafiyarta lau. Ta kusa da ita fa?" Ya ɗanɗana ta kusa da ita. Ita ma lafiyarta lau. Yau ɗaya, gobe biyar, yana ci yana mayar da laka, har ranar da ya zura hannu ya laluba, ya laluba, ya fito da ƙwara ɗaya tal. Yana tsaye da ita a hannu sai ya ji tarin Inna a bayan aduwa.

Ya jefa gyaɗar a kumatu, ya fita ta ƙofar baya. Ya yi sa'a ko rashin sa'a, ayarin fatake na wucewa, jakuna sun fi ɗari, za su kudu sayen goro. Kurege ya yi tsalle ya faɗa cikin mangalar wani jaki. Ya ce, "In an wuce fadama sai in sauka, kafin nan Inna ta huce."

Ashe mangalar guzuri ce. Ga dakuwa, ga ƙuli-ƙuli, ga kilishi. Kurege ya fito da gyaɗar Inna ya ajiye a gefe, ya ce, "Bari in gama wannan in sauka." Ya ci, ya yi barci. Ya farka an wuce fadama da kwana biyu. Ya ce, "Kai, na yi nisa. Bari dai in gama wannan in sauka." Ya ci, ya yi barci. Ya farka ana fito a kogin Kwara, ruwa gabas ruwa yamma. Nan kam ba wurin sauka ba ne, ya ƙara da kilishi. Haka aka yi ta tafiya, zango bayan zango, wata uku cur, har aka sauke kaya a Kumasi, birnin mutanen Asante, waɗanda fatake ke kira Tonawa. Mai guzuri ya kwance mangala, bai ga guzuri ba, sai wani abu mai jela ya yi ƙiba yana minshari. Ya rarumi sanda. Kurege ya suri gyaɗarsa ya ranta a na kare.

Fatake suka sayi goronsu suka juya, ba wanda ya ce masa ci kanka. Aka ce wani ayarin arewa sai bayan damina.

To, a nan ne Kurege ya san ya bar gida. Ƙasa ce mai kurmi, ka ɗaga kai ba ka ganin sama sai ganye. Ruwa da safe, ruwa da yamma. Ya haƙa rami, rami ya cika da ruwa. Ya haƙa wani, kwaɗo ya riga shi shiga. Ya nemi rairayi mai ɗumi inda zai baje cikinsa da hantsi, babu. Ya saci abinci a bayan wani gida, ya tarar sakwara ce, aka ce ita ba a tauna ta, haɗiyewa ake yi. Kurege da Allah ya halitta don gurgura, a ce masa haɗiye!

Ba yunwa ce ta fi damunsa ba. Duk sanda hadari ya haɗo sai ya tuna can gida ma an kusa shuka. Sai ya ga Inna ta ɗauko tukunya, ta ɓalle laka, ta zura hannu. Daga nan ba ya iya ƙarasa tunanin. Kewa ta kama shi. Sai ya fito da gyaɗar daga kumatu, ya goge ta, ya kaɗa a kunne. Kacau-kacau. Ya ji kamar Inna ce ke ɓarar gyaɗa a gindin aduwa tana yi masa faɗa. Yawunsa ya tsinke, ya ce, "Bari in ɗanɗana..." sai ya kasa, ya mayar da ita kumatu. Tun da aka haife shi bai taɓa riƙe abin ci kwana biyu bai ci ba sai wannan.

Yana son gida, yana jin kunyar gida. Ya ce, "In koma da ƙwara ɗaya? Da wane ido? Sai dai in koma da dukiya, in saya wa Inna gyaɗar duniya."

Ran nan ya shiga kasuwa, ya laɓe ƙarƙashin wata rumfa. Su mutanen can a lokacin ba da wuri suke ciniki ba, da garin zinariya suke yi. Kowane magidanci yana da ƙunshin fata. In ciniki ya faɗa sai ya kwance shi a hankali, ya fito da ɗan ma'auni mai faifai biyu, da ɗan cokali, da wasu 'yan gumaka na tagulla, ƙanana, wani bai fi kan yatsa ba. Su ne duwatsun awonsu. Akwai kada, akwai kunkuru, akwai beguwa, akwai ɗan mutum yana shan lofe, har da buzuzu da fara. Sai a ɗora ɗan gunki a faifai guda, a yi ta zuba zinariya a ɗaya faifan har su daidaita. In an gama a goge shi, a naɗe a tsumma mai laushi, a mayar ƙunshi.

Kurege ya yi kallo, ya yi kallo, ya ce, "Lallai! Wato a garin nan kana zaune a faifai, ba noma ba tono, a zuba maka zinariya daidai nauyinka, a goge ka, a kwantar da kai a tsumma? Buzuzu ma? Buzuzun da na sani yana gangara kashin shanu?"

Ya lallaɓa kusa da wani kunkurun tagulla, ya ce, "Sannu da hutawa, ranka ya daɗe. Ta yaya ake shiga wannan aiki naku?"

Kunkuru bai ce uffan ba.

Kurege ya ce, "Haka ne, masu arziki ba sa amsa gaisuwa. Ni ma in na shiga ba zan amsa ba."

Ya yi tambaya, aka nuna masa gidan wani tsohon maƙerin zubi, sunansa Adusai, can ƙarshen gari. Adusai ya ji Hausa a bakin fatake, yana yin ta a hankali, kalma ɗaya-ɗaya. A da, da kakin zuma yake fara ƙera siffa kafin ya zuba ta a tagulla, kuma ba wanda ya kai shi. Amma tsufa ya zo, hannu ya soma rawa, kaki ya daina yi masa biyayya. Shi ya sa ya koma ɗaukar abu na gaske, ƙwaro ko ƙafar ƙaguwa ko 'ya'yan itace, ya yi zubinsa a kai. Kurege bai san wannan ba, kuma bai tambaya ba.

Ya yi sallama, ya ce, "Baba, so nake ka mayar da ni dutsen awo."

Adusai ya ajiye zugazugi, ya dube shi daga kai har jela. Ya ce, "Ɗan baƙo, kai da kanka?"

"Ni da kaina."

"Ba wanda ya aiko ka?"

"Zuciyata ce ta aiko ni."

Tsoho ya ce, "Shekara hamsin ina wannan aiki, ban taɓa ganin wanda ya kawo kansa ba. To, mece ce maganarka?"

Kurege ya ce, "Wace magana kuma?"

Adusai ya kwance wani ƙunshi, ya baje a tabarma. Ya ce, "Mu nan dutsen awo ba nauyi kaɗai yake da shi ba. Kowanne da abin da yake faɗa. Ka ga wannan kada da kifi a baki? In babba ya aiko maka shi, ka san yana tuna maka wa ya fi ƙarfi. Ka ga wannan tsuntsu a tarko? Mai neman sassauci ke aika shi. In magana ta yi mana nauyi a baki, sai mu zuba ta a tagulla, mu ba mutum a hannu. Yaro in ya isa aure, ubansa yakan ba shi 'yan duwatsu da ma'auni, ranar ya zama mutum. To kai, in an ɗora ka a faifai, me za ka ce?"

Kurege bai ko yi tunani ba. Ya ce, "A ƙara."

Adusai ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, "To, zauna nan. Ɗaga jela."

Ya dama gawayi da yumɓu mai laushi, ya shafe Kurege da shi daga ƙafa har wuya. Sanyi ya ratsa shi, ya lumshe ido, ya ce, "Tun yanzu an fara hutun." Aka sa shi a rana ya bushe. Aka sake shafa wani. Ya ce, "A ƙara, Baba." Aka ƙara. Aka kawo yumɓu mai kauri da aka cuɗa da zaren kwakwa, aka lafta masa, aka mulmule shi kamar tulu, kansa kaɗai ke waje. Rana ta yi, yumɓu ya ƙame. Kurege ya so ya sosa kunne, hannu ya ƙi motsi.

A gefensa akwai wani ɗan curi da aka gama tun jiya. Adusai ya ɗauke shi da awartaki ya tura cikin wuta, ya kama zuga. Can sai wani hayaƙi ya fito ta wata 'yar huda, mai ƙaurin ƙwaro.

Kurege ya ce, "Baba, wa ke cikin wancan?"

"Buzuzu ne."

"To shi ta ina zai fito?"

"Ai ga shi nan yana fita." Ya nuna hayaƙin.

Kurege ya bi hayaƙin da kallo. Ya ce, "Ni fa, ta ina zan fito?"

Tsoho ya ce, "Ta nan dai. In na rufe kanka, na bar 'yar huda. Wuta ta cinye ka, in kakkaɓe toka, in narka tagulla in zuba a gurbinka. Ta huce, in fasa yumɓu. Sai ga ka, gashi ɗaya bai ɓace ba."

"Zinariyar fa?"

"Ta mai ƙunshi ce."

"Ni kuma fa?"

"Kai za a riƙa tunawa da kai."

Idon Kurege ya raina fata. Ya ce, "Baba, akwai abin da na manta ban gaya maka ba. Ina da ƙuma. Duk za su fito a zubin, su ɓata maka aiki."

Adusai ya ce, "Kurege da ƙumarsa? Ai ya fi tsada."

"Mu danginmu ba ma cin wuta."

"To, yau ma gani." Ya ɗebo yumɓun rufe kai.

Kurege ya ce, "Tsaya! Kai ka ce kowane dutse da maganarsa. Wane ɗan kasuwa ne zai kwance ƙunshi a gaban jama'a ya fito da dutsen da ke cewa a ƙara? Ranar zai rasa abokan ciniki. A ce wa ya zuba wannan? A ce Adusai."

Hannun tsoho ya tsaya. Ya ce, "Nan kam ka yi gaskiya. Amma na ɓata yumɓu, na ɓata gawayi, tagulla tana kan wuta. Sai na zuba wani abu yau."

Kurege ya ce, "Ina da wadda ta fi ni magana." Ya tofo gyaɗar daga kumatu, ta gangara tabarma.

Da ma ya shirya ƙaryarsa tsaf. Zai ce gyaɗar sarkin aljanu ce, daga bayan teku bakwai. Amma Adusai ya ɗauka, ya goge, ya kai kunne ya kaɗa. Kacau-kacau. Kurege ya buɗe baki zai yi ƙarya, sai gaskiya ta riga ta fitowa. Ya ba da labarin aduwa, da tukunya, da lakar da yake mayarwa, da tarin Inna. Ya ce, "Ita ke nan ta rage a duniya, Baba. Na cinye irin uwata, na gudu ban yi mata sallama ba. Ban san ko tana da rai ba. Ina so in je gida." Hawaye na zuba a kan yumɓu, ba hannun sharewa.

Adusai ya ajiye yumɓun da ya ɗebo. Sa'an nan ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙaramin ƙunshi, fatar ta yi baƙi don shafa. Ya ce, "Wannan na ɗana ne, Ntim. Na haɗa masa duwatsunsa, saura kwana kaɗan in ba shi. Muka yi faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya fasa mini wani zubi, na yi masa baƙar magana. Da gari ya waye ya bi fatake arewa. Bana shekara bakwai. Kowane ayari ya sauka sai na je zango na duba fuskoki. A can na koyi Hausar nan da kake ji." Ya juya gyaɗar a tafin hannunsa. Ya ce, "Shekara bakwai ina neman abin da zan aika masa, ban samu ba. Yau na samu."

Ya ɗauki guduma ya ƙwanƙwasa tulun, yumɓu ya tsage, Kurege ya faɗo yana miƙa. Bai gama miƙar ba sai ya ga tsoho ya tsoma gyaɗar a cikin kwaɓin gawayi.

Ya yi kururuwa, "Wayyo, irin Inna! Ƙona ta za ka yi?"

"Kai ka ba ni ita a madadinka."

Kurege ya kama kai, ya zaga tabarma sau uku. Sai ya tsaya. Ya ce, "Baba, in ka fasa yumɓu, mutane me za su gani, ɓawo ko ƙwaya?"

"Ɓawo."

"Tagulla ta san ko akwai ƙwaya a ciki?"

"Ba ta sani ba."

"To ba ni nan."

Ya sa haƙori ya tsaga ɓawon ta gefe, siririyar tsaga, ya zaro ƙwaya uku jajaye, ya mayar da ɓawo ya haɗe. Adusai ya liƙe tsagar da ɗan kaki, ya girgiza kai, ya ce, "Da cikinka bai fi kanka girma ba, da na koya maka sana'a."

Aka shafe ɓawo, aka busar, aka ƙona, aka zuba tagulla. Da aka fasa yumɓu sai ga gyaɗa, da 'yan layukanta da ɗan ƙugunta, ba abin da ya bambanta ta da ta Inna sai nauyi da shiru. Adusai ya ɗaura mata zare, ya rataya wa Kurege a wuya. Ya ce, "Gidanku a bakin hanyar fatake yake. Ntim yana da tabon ƙuna a babban yatsan hagu, tagulla ce ta ɗiga masa yana yaro. In ka gan shi ka ba shi. Ka ce ta wani ce da ya gudu daga gida a kan ƙaramin laifi, ya kuma koma. Ka ce ƙunshinsa yana nan ban ba kowa ba."

Ƙwayoyin nan uku kuwa, tsoho ya naɗe su a ganye ya ba shi.

Damina ta wuce, ayarin arewa ya tashi. Kurege ya kutsa cikin wani huhun goro. A nan ba dakuwa ba kilishi, sai goro. Ya ci goro, ya ci goro, haƙoransa suka rine, barci ya ƙaurace masa. Tafiyar da ya yi da minshari, ya dawo ta ido biyu, yana ƙirga kowane tudu. Kurmi ya ragu, sama ta buɗe, ya hango kuka ta farko a bakin hanya, ya fashe da kuka shi kaɗai a cikin huhu.

Amma hali hali ne. A kogin farko ya kwance ganye, ya ce, "Tafiya ta yi nisa, bari in ɗanɗana ɗaya, in ji ko ta lalace." Ba ta lalace ba. Saura biyu. A Kwara ya ce, "Danshin ruwan nan ba ya barin iri." Ita ma lafiyarta lau. Saura ɗaya. Ya dube ta, ta dube shi. Hannunsa ya tafi da kansa. Sai ya cafki ta tagullar da ke wuyansa ya jefa a baki ya gartsa, har ya ji a ƙwaƙwalwa. Daga ranar, duk sanda yawu ya tsinke sai ya gartsa tagulla. Haka ya kai ƙwaya ɗaya gida.

Da hantsi ya diro daga huhu a bakin fadama. Ya hango aduwa. Ya yi ta tafiya yana tsayawa. Da ya matso sai ya ji wani sauti. Kacau-kacau. Ya leƙa. Ga Inna zaune a kan tabarma, ta rame, ta yi furfura har a jela, ta juya fuska wajen hanya. A gabanta tulin gyaɗa ne, ja jawur, tana ɓara.

Kurege ya durƙusa, ya miƙa ganye da hannu biyu. Ya ce, "Inna, ga irinki. Ƙwaya ɗaya ce ta rage. Ni na cinye."

Inna ta dubi ƙwayar, ta dube shi. Ta ɗauki muciya ta zuba masa ɗaya a gadon baya. Ta ce, "Wannan ta tukunya ce." Ta ƙara masa. "Wannan ta tafiya ba sallama." Ta ɗaga ta uku, hannunta ya kasa, muciya ta faɗi.

Kurege yana sosa baya ya ce, "Inna, to wannan tulin fa daga ina?"

Ta ce, "Ni na haife ka, ban san ka ba? Tukunyar da ka cinye taka ce, don kai na ajiye ta a inda za ka gani. Iri na gaske yana ƙarƙashin gadona. Na shuka, ta yi, ga ta nan har ta ishe ni."

Kurege ya zauna daɓas. Ya tuna ramin kwaɗo, da sakwara, da hayaƙin buzuzu. Ya ce, "Wato duk wahalar nan a banza na sha?"

Inna ta jawo shi ta rungume, tana shinshina kansa. Ta ce, "Gyaɗa ina da ta ajiya, ɗan nema. Kai ne ba ni da na ajiya."

Suka yi kukansu suka gama. Ta tura masa ƙwarya cike, ya ci har ya kasa cewa a ƙara. Sai ta ga abin da ke wuyansa, ta ce, "Wannan kuma ta wa ka sato?" Ya ba ta labarin Adusai da ɗansa, da ƙunshin da fatarsa ta yi baƙi.

Inna ta janye ƙwaryar. Ta ce, "Wato yanzu haka akwai wani tsoho can yana zaune yana kallon hanya yadda na zauna, kai kuma kana nan kana cika ciki? Tashi. Ga hanya nan, je ka tsaya."

Kurege ya fita bakin hanya, ya miƙe a kan ƙafa biyu, ya haɗa hannuwa a ƙirji ya riƙe gyaɗar tagulla, yana duba hannun hagun kowane matafiyi. Ayari ya wuce, ba mai tabo. Wani ya wuce, ba mai tabo. Aka daina ayari, aka zo da mota, bai daina fitowa ba. In kun gan shi gobe a hanyar gona ya miƙe tsaye yana leƙenku, kada ku jefe shi. Ku nuna masa babban yatsanku na hagu ku wuce.

Ƙurunƙus kan gyaɗar da ba ta ɓaruwa. In an ce za a ɗaukaka ka, ka fara tambayar ta ina ake fita. In kuma kina da ɗa irin Kurege, ki sayi tukunya biyu. Kande, miƙo kwanon nan, in ji ko miyar ta lalace.